Daren da Malama ta karɓi haihuwa a hasken waya

A daminar bara matar ƙanena ta haihu a asibitin sha-ka-tafi na garinmu da misalin ƙarfe biyu na dare, kuma babu likita a wurin, domin tun da aka gina asibitin ba a taɓa turo masa likita ba. Wadda ta karɓi haihuwar jami'ar lafiya ce da ta yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya, 'yar garin ce, kowa Malama yake kiranta, tsofaffi kuwa likita suke ce mata kai tsaye. Bayan mabiyiya ta faɗo sai jini ya ɓalle. Ni da ƙanena muna tsaye a waje muna jiyo salatin Inna, sai Malama ta leƙo ta ce, "Yaya, ba Inna wayarka ta haska mini, fitilar ta mutu." Allurar tsayar da jini tana buƙatar sanyi, firjin asibitin kuwa ya kwana biyu bai ga wuta ba, don haka ƙwayoyin misoprostol ta sanya mata a ƙarƙashin harshe, ta yi ta murza mata mara, ta ɗaura ƙarin ruwa, sannan ta ce a nemo mota tun kafin a ga yadda hali zai yi. Cikin ikon Allah jinin ya tsaya kafin motar ta iso.

Tun daga wannan dare na daina sauraron maganar ƙarancin likitoci da kunnen da nake sauraronta a da. A shekarar 2024 Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya ce likitoci kusan 16,000 ne suka bar Najeriya cikin 'yan shekarun da suka gabata, kuma waɗanda suka rage da lasisi ba su wuce kimanin 55,000 ba, a ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200. Su ma ɗin da suka rage sun taru ne a Legas da Abuja da manyan birane masu asibitocin koyarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya Najeriya cikin ƙasashe 55 da ta lissafa a 2023 a matsayin masu tsananin ƙarancin ma'aikatan lafiya, waɗanda bai kamata ƙasashe masu arziki su riƙa zuwa farautar ma'aikata a cikinsu ba, amma wannan bai hana wanda ya ga dama ya nemi aiki da kansa a Ingila ko Saudiyya ba.

A 2023 wani ɗan Majalisar Wakilai ya kawo ƙudurin hana sabon likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aiki na shekara biyar, aka yi ta cece-ku-ce a kai. A ganina ko da an yi dokar ba za ta kai likita garinmu ba, domin wanda aka tsare a ƙasa a birni zai zauna, kusa da makarantar 'ya'yansa da wutar lantarki. Ƙara yawan ɗaliban da ake ɗauka a makarantun likitanci, kamar yadda gwamnati ta yi, abu ne mai kyau, sai dai wanda aka ɗauka yau zai yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar horo a asibiti, ya yi ta hidimar ƙasa, mai naƙuda kuwa ba za ta jira shekara takwas ba.

Abin da ya rage shi ne mutanen da suke wurin tun asali. A 2014 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fito da tsarin sauke wasu ayyuka daga hannun likitoci da ungozomomin zamani zuwa hannun jami'an lafiya irin su Malama, bayan an ba su ƙarin horo: awon ciki, karɓar haihuwar da ba ta zo da tangarɗa ba, taimakon farko ga mai zubar jini ko mai jijjiga kafin a tura ta gaba, da hanyoyin tazarar haihuwa. Tunanin ba sabo ba ne, domin tun zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 aka ɗora kiwon lafiya a matakin farko a kan irin waɗannan ma'aikata. Habasha ta horar da dubban mata na shekara guda ta zuba su bibbiyu a ƙananan asibitocin ƙauyuka, Mozambik kuwa tun shekarun 1980 take koya wa waɗanda ba likitoci ba yin tiyatar ciro jariri. Mu ma muna ganin irinsa duk damina, lokacin da masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ke bi gida-gida suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar, aikin da babu likita ko ɗaya a bakin ƙofa amma yana rage yawan yaran da ake kwantarwa.

Sai dai a nan ne nake da ƙorafi. Sauke aiki a kan ƙaramin ma'aikaci yana da sauƙi a takarda, kuma yana iya zama hanyar da hukuma za ta wanke hannunta. Idan an ce wa Malama ta karɓi haihuwa, to dole a ba ta magani da safar hannu da fitila, dole wani da ya fi ta sani ya riƙa zuwa yana duba aikinta yana gyara mata, dole kuma a san inda za ta tura wadda ta fi ƙarfinta da abin da zai kai ta can. A daren nan, da jinin bai tsaya ba, babban asibitin da ke da ƙarin jini yana da tafiyar fiye da awa guda a hanyar da ruwa ya cinye. Wasu jihohin Arewa sun yi dabarar haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta ƙasa, aka horar da direbobin tasha su riƙa ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa, kuma da irin wannan direba muka dogara. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, kuma ba kowane ƙaramin asibiti ne ke cikin masu karɓa ba. Inda babu wannan tallafi, mara lafiya kan juya ya nufi mai kemis, wanda shi ma aikin likita yake yi, ba tare da mai duba shi ba.

Akwai kuma batun wanda zai zauna. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ya kai dubbai ƙauyuka, amma da yawa sun tattara sun koma saboda rashin masauki da rashin biyan kason alawus da ya rataya a wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Shirin da ya fi burge ni shi ne wanda aka gudanar daga 2012 a Kano da Katsina da Jigawa da Zamfara da Yobe da tallafin Birtaniya, inda gari da kansa ke zaɓo 'yarsa, a ba ta karatun share fage ta gyara sakamakon sakandare, ta shiga makarantar jinya ko ta ungozoma, ta dawo gida ta yi aiki. Wadda iyayenta da mijinta ke garin ba ta neman canjin wurin aiki bayan wata uku, kuma magidancin da ba zai yarda namiji ya duba iyalinsa ba, ba ya musu idan 'yar maƙwabcinsa ce.

Ranar suna Malama ta zo barka, aka zuba mata tuwo ta ci a tsaye domin ta bar mai ciwon hawan jini yana jiranta. Na tambaye ta yaushe rabonta da hutu, ta yi dariya ta ce ita kaɗai ce mace a asibitin, idan ta tafi wa zai karɓi haihuwa. Daga baya Inna ta gaya mini cewa ta samu gurbin ƙarin karatu a birni tun bara, ta ɗage tafiyar sau biyu tana jiran a turo wadda za ta riƙe wurin.