Abin da ƙananan karnuka masu jijjiga suka koya mini

Ƙarshen wannan wata zan miƙa makullin ɗakin magani, in bar asibitin dabbobin da na fara aiki a cikinsa bayan hidimar ƙasa. Abokan aikina sun san dalili. Ina rubuta wannan ne saboda sabon likitan da zai gaje ni, don tabbas za a kawo masa ƴan ƙananan karnukan nan da ake ajiyewa a falo, jinsuna irin su Lasa da Maltis da Ciwawa, suna kumfa suna taune-taune.

Tsarin da na tarar ɗaya ne. Duk karen da ya zo yana jijjiga, a yi masa allurar dayazefam mai tsayar da jijjiga, a rubuta masa ƙwayar finobabiton mai hana ta dawowa, a sa "farfaɗiya" ko "distamfa" (wata cutar karnuka mai yaɗuwa) a kati, a sallami mai shi. Ba a tambayar yaushe yake faɗuwa, ba a auna sukarin jini. A manyan karnuka sau da yawa akan dace. A kan wata ƴar Maltis na ga inda wannan tsari ke kashe kare.

Watanta bakwai, ba ta cika kilo biyu ba, tsumburarriya a kan sa'o'inta. Da na tambayi mai ita lokacin da abin ke tasowa, sai ta ce: "Likita, bayan ta ci abinci ne, musamman in an ba ta nama. Sai ta yi ta kewaye, ta jingina kai da bango, miyau na zuba, kamar ba ta gani." Duk wanda ya zauna a aji ya san inda wannan bayani ya nufa. Akan haifi wasu ƙananan karnuka, musamman Yoki da Maltis, da wata jijiya da ke kwasar jinin hanji ta kauce wa hanta ta zuba shi kai tsaye cikin jiki. Amoniya da sauran dattin da ya kamata hanta ta tace sai su isa ƙwaƙwalwa, shi ya sa abin ke tashi bayan cin nama. Ana gano shi da gwajin sinadarin maɗaciya a jini, kafin cin abinci da awa biyu bayansa. Ana lallaɓa shi da laktulos, maganin da ke rage amoniya ta hanji, da sauya abinci, a yi tiyata in da hali. Dayazefam da finobabiton kuwa duk hanta ce ke narkar da su, kuma hantar nan ba ta aiki.

Na ja oga, babban likitanmu, gefe na ce: "Yallaɓai, ina ganin hanta ce. Da mun dakata da finobabiton mun aika jini, kafin nan mu riƙe ta da maganin jijjiga lebetirasetam, tunda ta ƙoda yake fita." Bai ba ni amsa a nan ba. Sai da muka koma gaban Hajiya mai karyar ya ɗaga murya: "Kai yaro, tun kana goye nake yi wa karnuka allura." Ya sa aka yi yadda aka saba. Da karyar ta sake faɗuwa a gida, ya ƙara yawan ƙwayar ta waya. Aka dawo da ita ba ta iya ɗaga kai, barci ya ƙi sakinta, ta mutu a hannunmu. Na roƙi Hajiya ta bari a buɗe gawar. Hantar ƴar mitsitsiya ce, ga jijiyar nan a fili.

Abin da aka rubuta a fayil shi ne ƙaramin likita ya yi kuskuren lissafin allura. Aka zaftare mini albashi, aka faɗa wa Hajiya haka. Ni na ɗora karyar a sikeli, ni na zuƙi maganin daidai da nauyinta, kuma ma'aikacin da ya riƙe mini ita shaida ne, amma yana da iyali, ban ga laifin shirunsa ba. Har yau ba a gyara fayil ɗin ba.

Daga nan na daina kiran jijjiga cuta. Alama ce, kuma a ƙaramin kare abubuwan da ke haddasa ta suna da yawa. Na sayi na'urar auna sukari da kuɗina, irin ta masu ciwon suga, ita ce abin da nake fara ɗauka. Ɗan kwikwiyon Ciwawa da ya tsallake abinci, ko zawo ya kama shi, sukarinsa kan faɗi ƙasa da 60 mg/dL nan da nan. A goga masa zuma a dasashi, a ɗaura masa ruwan gulukos, sai ka ga ya miƙe. Ƙaramar karya mai shayarwa da ta fara haki da karkarwa makonni biyu zuwa huɗu bayan haihuwa, kalsiyam ne ya ƙare mata, a ba ta shi ta jijiya a hankali ana sauraron zuciya.

Guba kuwa ita ce ta fi yawa a wurinmu, kuma masu kare ba sa faɗa sai an matsa. Wani ya yi wa kare wanka da fiya-fiya don kaska, wani ya auna masa aibamektin, maganin tsutsa na shanu, da ido, wani ya zuba maganin ɓera a bayan firji. Miyau mai yawa, zawo, ƙwayar ido ta tsuke, alamun guba irin ta fiya-fiya ne, ka nemi atirofin, allurar da ke karya ta. Ciwawa mai ƙullutun kai, a yi tunanin ruwa a ƙwaƙwalwa. Tsohon kare mai tari da ya yanke jiki ya faɗi ya tashi garau, a saurari zuciyarsa, wataƙila suma ce. A duba katin rigakafi kafin a ambaci distamfa, a kuma tambayi tarihin cizo saboda ciwon haukan kare. Na ga karen da aka kashe da sanda a unguwa don yana kumfa, alhali farfaɗiya ce kawai.

Farfaɗiya ta ainihi tana nan, yawanci tana farawa tsakanin wata 6 da shekara 6, karen kuma lafiya lau yake tsakanin faɗuwa da faɗuwa. Amma ita ce sunan ƙarshe da za ka rubuta, bayan ka kore sauran. A nan finobabiton magani ne mai kyau: sau biyu a rana kan lokaci, a auna yawansa a jini bayan kamar mako biyu, a riƙa duba hanta, kada a yanke shi farat ɗaya ko da an yi watanni ba faɗuwa. Ka faɗa wa mai kare gaskiya cewa ragewa ake yi, ba a cika warkewa ba, kuma zai ga yawan ƙishirwa da ci.

Ka koya wa masu kare su ɗauki bidiyo, su duba agogo, su rubuta rana. Kada su sa hannu ko cokali a bakin karen, kare ba ya haɗiye harshensa. In jijjigar ta wuce minti biyar, ko ta maimaita a yini ɗaya, su taho ko da tsakar dare ne, suna sanyaya masa jiki a hanya.

Kai kuma da za ka zauna a kujerata, duk allurar da za ka yi, rubuta nauyin dabbar da adadin maganin da sunan wanda ya ba da umarni. In ka kawo shawara aka ƙi, ita ma rubuta ta a katin da biro, ka sa kwanan wata, ka ɗauki hotonsa a wayarka kafin ya bar teburinka.