Wasiƙa daga Kalifoniya: Yadda na gina wa Hajiya sashe a bayan gida

Zuwa ga 'yan'uwa masu karatu a gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina rubuto wannan wasiƙa ne daga Sakaramento, babban birnin jihar Kalifoniya ta Amurka, domin in amsa tambayar da dangi da abokai suka daɗe suna yi mini, wato me ya sa ginin ɗaki biyu a bayan gidana ya ci fiye da shekara guda, alhali fili nawa ne, kuɗi ma nawa ne.

Tambayar tana da hujja, domin a wurinmu idan yaro ya isa aure, ko tsohuwa ta buƙaci wurin da za ta sake, maigida yakan duba tsakar gida, ya kira magini, a sauke bulo da yashi, kafin damina ta faɗi an fitar da sashe. A nan kuwa, mafi yawan filayen zama na birane tun asali an tsara su ne bisa dokar da ta ce gida ɗaya tak za a gina a kowane fili, domin iyali ɗaya, kuma birnin Bakili na wannan jiha yana cikin waɗanda suka fara kafa irin wannan tsari tun 1916. Saboda haka ƙaramin gidan da ake ginawa a bayan babban gida, mai kicin da banɗaki da ƙofar kansa, yana da suna na musamman a doka, wanda ake taƙaitawa da haruffa uku, ADU. Mutanen unguwa sukan ce masa ɗakin kaka ko ɗakin suruka. Ya yi kama da boyis kwata na gidajen ma'aikata, sai dai doka tana ɗaukar sa a matsayin cikakken mazauni mai zaman kansa.

Majalisar jihar ta ba da damar irin wannan gini tun 1982, amma ta bar wa hukumomin birane ikon gindaya sharuɗɗa, su kuwa suka yi ta jibga su har abin ya gagari mai ƙaramin ƙarfi: wannan ya ce sai ka tanadi wurin ajiye mota, wancan ya ce sai filinka ya kai girma kaza, wani ya ce sai an saurari ra'ayin maƙwabta. Tsadar haya da ƙarancin gidaje ne suka tilasta wa majalisar ta karɓe linzamin da dokokin da ta zartar a 2016 da 2019. Tun daga farkon 2020, idan takardunka sun cika, dole hukumar birni ta ba ka amsa cikin kwana 60, kuma maƙwabci ba shi da ta cewa. Ba za a hana ka gini mai faɗin murabba'in ƙafa 800 da tsayin ƙafa 16 ba, muddin ka bar tazarar ƙafa 4 tsakaninka da iyakar fili ta baya da ta gefe. Wanda yake cikin rabin mil daga tashar bas ko ta jirgin ƙasa ba a neman wurin mota a wurinsa, haka ma wanda ya mayar da garejinsa ɗaki.

Ni abin da ya sa na shiga wannan harka shi ne Hajiya, mahaifiyata. Ta zauna tare da mu a cikin gida, ba ta taɓa buɗe baki ta yi ƙorafi ba, amma duk wanda ya san dattijuwar Bahaushiya ya san cewa haɗa tukunya da suruka, da fitowa alwalar asuba ta gaban ɗakin ɗanta na fari, abu ne da take haɗiyewa kawai saboda kara. Da muka zauna da mai zanen gini, shawarar farko da ya ba ni ita ce kada mu kai murabba'in ƙafa 750, kusan murabba'in mita 70 ke nan, domin ƙasa da wannan an yafe kuɗaɗen da birni kan caza saboda nauyin da sabon gini ke ƙara wa hanyoyi da wuraren shaƙatawa. Muka tsaya a 740: falo haɗe da kicin, ɗakin kwana guda, ɗan ƙaramin ɗakin baƙo, da banɗaki marar dandamali wanda tsohuwa za ta shiga ba ta ɗaga ƙafa ba. Na roƙe shi kada masai ya fuskanci alƙibla, wadda a nan take arewa ta ɗan karkata gabas, abin da ya daɗe yana ba Hajiya mamaki. Ya juya zanen bai tambayi dalili ba.

Takardar izini, wadda na fi jin tsoro, ita ce ta zo da sauƙi. Wahalar tana ƙarƙashin ƙasa. A unguwarmu ba a haƙa sokawe, dole ƙazantar sabon gini ta bi bututu ta haɗu da na babban gida kafin ta faɗa magudanar birni da ke kan titi, kuma ƙa'ida ita ce bututun ya riƙa gangarawa rubu'in inci a kowace ƙafa. Bayan gidana ya ɗan fi gabansa kwari, ɗan kwangilar da na ɗauka kuma bai auna wannan ba kafin ya yanke mini farashi. Sai da muka kira lamba 811, wadda doka ta ce a kira kafin a sa diga a ƙasa domin a zo a yi alamar inda wayoyi da bututun gas suka bi, aka haƙa rami tun daga bayan gida har gefen gareji, sannan ya zo yana sosa ƙeya ya ce gangaren bai isa ba, sai an binne tanki da injin tura ƙazanta. Da na nuna masa yarjejeniyarmu, sai ya ɗora yatsa a kan layin da ya ce duk abin da aka tarar a ƙarƙashin ƙasa nauyinsa yana kan mai gida. Na karanta layin ranar da na sa hannu, amma ban san nauyinsa ba sai ran nan. Ba a rufe wannan rami ba sai mai aikin lantarki ya ce akwatin wutar tsohon gidan, mai amfiya 100, ba zai ɗauki gida biyu ba, sai an canza shi da mai 200. Ga kuma farantan sola, waɗanda dokar jihar ta wajabta a kan sabon ginin da ya tsaya shi kaɗai.

Yawancin maƙwabtana da suka yi irin wannan gini bashin banki suka ci, suka jinginar da darajar babban gidan. Ni da uwargida mun ƙudura tun farko cewa ba za mu sa Hajiya a ɗakin da aka gina da kuɗin ruwa ba, don haka muka dogara da ajiyarmu da adashin da muke yi da wasu 'yan'uwa. Wannan ne ya tsayar da aikin wata uku bayan matsalar bututun, kuma shi ne rabin amsar tambayarku.

Sauran rabin kuwa masu duba gini ne. Ba a zuba kankare sai jami'in birni ya zo ya ga rodi da zurfin harsashi, ba a rufe bango sai ya ga wayoyi da bututu da yadda aka jera ƙusoshi a jikin falanki. Da katako ake gini a nan, ana ɗaure shi a jikin harsashin ginin da manyan noti saboda girgizar ƙasa. Ranar da aka tayar da gwangwalar ginin, Hajiya ta tsaya a bakin ƙofar kicin da carbi a hannu, ta dubi uwargida, tun da ba ta kama sunana, ta ce, "Ki tambayi mutumin nan, a cikin wannan akwatin ashanar zai ajiye ni?" Da farko zuwan jami'in nan yana ƙona mini rai, domin kowace ziyara kwanaki take ci. Amma shi ne ya gano cewa an bar wasu notin harsashi ba a ɗaure ba a bangon baya, ya ƙi sa hannu sai da aka gyara, kuma da an riga an rufe bangon babu wanda zai sake ganin wurin. Na tuna gine-ginen da muke jin labarin rushewarsu a Legas da Kano, daga ranar ban sake yi masa kallon mai ɓata lokaci ba.

Wasu daga cikinku sun tambaya ko gwamnati za ta ninka mini harajin gida. Ba haka ba ne, domin a ƙarƙashin dokar da masu zaɓe suka amince da ita a 1978, sabon ginin kaɗai ake yi wa ƙima, harajinsa kuma kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne a shekara, tsohon gidan yana nan a kan ƙimarsa ta da. Ina da damar ba da shi haya nan gaba, ko da na tashi daga babban gidan. Sayar da shi daban kuwa sai a birnin da ya amince da dokar 2023 da ta buɗe wannan ƙofa, kamar yadda San Hose ya yi.

Hajiya ta tare bayan jami'in ya sa hannu na ƙarshe. Tana girka tuwonta a lokacin da ta ga dama, jikoki suna tsallaka tsakar gida su je gaishe ta da safe kafin su wuce makaranta, tazarar ƙafa 4 ɗin nan da doka ta hana mu ginawa kuwa ta cika ta da yakuwa da kuɓewa. Har yanzu idan iska ta taso takan ƙwanƙwasa bangon da yatsa ta girgiza kai.

Wassalam,
Ɗan'uwanku a Sakaramento.