Tsohon Ɗakin Taron Gunduma a Karkarar Amurka

Na daɗe ina bibiyar tarihin ƙananan ɗakunan taro na gundumomin karkarar Amurka, waɗanda da yawansu ɗaki ɗaya ne na katako mai farin fenti, a tsaye shi kaɗai a bakin hanya tsakanin gonaki. Tushen lamarin shi ne dokar filaye ta 1785, wadda ta yanka sababbin yankunan ƙasar gunduma-gunduma, kowace tsawonta mil 6 faɗinta mil 6, aka kasa ta kashi 36, aka keɓe kashi na 16 domin makaranta. Da manoma suka zauna suka kafa hukumarsu, sai suka gina wurin kaɗa ƙuri'a da shawarar gyaran hanya. A jihar Minesota har yau mazauna gunduma suna haɗuwa ranar Talata ta biyu a watan Maris, su yanke harajin da za su ɗora wa kansu.

Da matasa suka watse zuwa birane, an garƙame da yawa daga cikin ɗakunan, ruwa kuwa ya samu abin yi. Yoyo shi ne babban makashin tsohon gini, don haka ƙwararren mai gyara daga rufi yake farawa, ya gangaro harsashi, fenti ya zo daga ƙarshe. Fentin ma ba a kankare shi da gaggawa, domin na da yakan ƙunshi dalma mai guba. Inda harsashin na tsohon jan bulo ne, da kwaɓin farar ƙasa ake cike shi, saboda siminti ya fi bulon tauri, yana tare danshi har fuskar bulon ta farfashe. Abin da ya fi sosa mini rai shi ne a cire tagogin asali a kafa na roba, alhali kafinta mai haƙuri zai iya yanke ruɓaɓɓen gefen, ya saje sabon katako, ya sake igiyar da ke riƙe tagar idan an ɗaga ta.

Mutane kan ɗauka cewa shigar da gini cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa, wadda dokar 1966 ta kafa, ya raba shi da rushewa. Rajistar daraja ce, amma ba ta hana mai gini rushe kayansa da kuɗinsa. Shi ya sa na fi natsuwa da ɗakin da aka gyara aka mayar da taron shekara da akwatin zaɓe cikinsa, domin nan ne wani zai ga ɗigon ruwa a silin tun kafin katakon ya ruɓe.