Abin da ya yi aiki a faranti ba lallai ne ya isa jini ba

Mai nazarin sinadaran tsirrai masu rage kumburi yakan fara ne da ƙwayoyin garkuwar ɓera da ake kira RAW 264.7, waɗanda ake renonsu a farantin ɗakin gwaji. A tsokane su da LPS, wani sinadari na jikin ƙwayoyin bakteriya mai tayar da kumburi, a zuba ruwan tsiron, bayan awa 24 a auna naitirik okisayid da suka fitar, wanda alama ce ta kumburi. Idan adadin ya faɗi, sai murna. To a nan ne ake yawan yin tuntuɓe, domin matacciyar ƙwaya ma ba ta fitar da komai. Dole a haɗa da gwajin MTT a ga ko ƙwayoyin na raye, a kuma tsayar da DMSO, ruwan da aka narka sinadarin a ciki, kusa da kashi 0.1 cikin ɗari. Tanin, wani sinadari da ke cikin tsirrai da yawa, ma yana ruɗarwa: yana manne wa kusan kowane furotin, sai ya yi kamar ya hana aikinsa. Shi ya sa ake tace ruwan ta foliyamid, wanda ke riƙe tanin, a sake gwadawa.

Babban darasin dai kurkumin ne ya koyar da shi, wato sinadarin da ke ba kurkum launinsa. A faranti yana danne NF-κB, makunnin da ke tayar da kumburi, galibi a maikuromola (ma'aunin yawan sinadari a cikin ruwa) 10 zuwa 50. Amma ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma a ruwan gwaji mai pH (ma'aunin tsami) irin na jini kusan kashi 90 cikin ɗari yakan lalace cikin minti 30. Ɗan abin da hanji ya tsotsa, nan da nan hanji da hanta suke sauya shi su fitar. A wani gwaji da aka yi a Taiwan a 2001, mutanen da suka sha giram 8 a rana ba su kai maikuromola 2 a jini ba. Duk rahoton da bai kwatanta adadin faranti da adadin jini ba, a ganina bai gama aikinsa ba.

An nemi mafita a fiferin, sinadarin da ke cikin masoro. Binciken 1998 ya nuna miligiram 20 nasa, tare da giram 2 na kurkumin, ya ninka abin da ke isa jini kusan sau 20. Sai dai yadda yake rage aikin hanta a kan kurkumin, haka yake ragewa a kan wasu magungunan asibiti, su taru a jiki fiye da kima. A Italiya an samu masu ciwon hanta a 2019 bayan shan ƙwayoyin kurkum na ƙarin lafiya.

Wannan ba raina tsirrai ba ne. Asfirin ya samo asali daga salisin na ɓawon itacen wilo, kuma kolcisin, daga furen Colchicum autumnale, har yau da shi ake kwantar da ciwon gaɓɓai na gawut. Abin da ya bambanta su shi ne an san awonsu: kolcisin miligiram 1.2 da farko, sai 0.6 bayan awa ɗaya, a tsaya. Tazara tsakanin magani da guba ƙanƙanuwa ce, kuma idan aka haɗa shi da kilaritiromaisin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, musamman ga mai ciwon ƙoda, yana iya kisa.