Daga Dakar zuwa Jamniyajo, kallon ƙwallon kwando

Ba ƙwallo ce ta kai ni Dakar ba. Harkar yadi na je a watan Mayun 2024, na sauka wurin wani ɗan'uwanmu mutumin Maraɗi da ya daɗe yana gasa nama a unguwar Madina, irin gashin da Sanagalawa ke kira dibi hausa. Da asubar kwana na huɗu ya ce, "Alhaji, yau a ajiye lissafi. 'Yan ƙasarku na Rivers Hoopers suna wasa a Jamniyajo." Na ce ni da ban san dokar ƙwallon kwando ba? Ya ce ai kallo ba ya buƙatar karatu.

Bayan azahar muka hau jirgin ƙasan TER daga tsohuwar tashar Dakar. Jirgin ya fara aiki ne a ƙarshen 2021, tafiyar kilomita 36 ce. Muka ratsa Kolobane, Pikin, Caroy, gidaje sun matse layin dogo kamar za su leƙo ta taga. A Pikin abokin tafiyata ya nuna da haɓa wajen da filin kokawarsu yake, ya ce can ne zuciyar mutanen ƙasar, kamar dai yadda su a Nijar ake tsayar da komai don takobin kokawa. Da muka wuce Rufisk sai gari ya fara sakin mu: kukoki, jar ƙasa, gine-ginen da ba a gama ba.

Jamniyajo, wanda suke rubutawa Diamniadio, sabon birni ne da gwamnatin tsohon shugaban ƙasa Macky Sall ta zana don rage wa Dakar cunkoso. Gaskiya, birnin bai riga ya zama gari ba. Tituna masu faɗi, ma'aikatun gwamnati a tsaye nesa da juna, amma ba mai shayi a bakin hanya, ba yaro mai talla. A cikin wannan sarari ne Dakar Arena ke zaune, an buɗe shi a Agustan 2018, kamfanin Turkiyya ne ya gina, yana cin mutum 15,000. Can gefe ga filin ƙwallon ƙafa na Abdoulaye Wade mai kujeru 50,000. Na tsaya ina tunanin wa zai cika wannan wuri a tsakiyar daji.

Da muka shiga na sami amsa. Sanyin na'ura ya fara dukan fuskata, sannan ƙarar ganguna. Magoya bayan AS Douanes, ƙungiyar jami'an kwastan ta Sanagal, sun zo da gangunan sabar, ana bugawa da hannu ɗaya da siririyar sanda, kuma rufin ginin ba ya barin sautin ya fita, sai ya dawo maka a ƙirji. Mata cikin manyan riguna suna rawa a tsakanin kujeru. Ni da na ce ban san doka ba, kafin hutun rabin lokaci har na fara yi wa alƙalin wasa gardama.

Wani dattijo a gefena ya ji muna Hausa, ya tambayi ƙasata. Da na ce Najeriya sai ya kama kai, yana dariya. Ɗan'uwana ya fassara mini: a wannan daɓen ne 'yan matanmu na D'Tigress suka doke Sanagal 60 da 55 a wasan ƙarshe na gasar Afirka ta 2019, a gaban gangunan nan duka. Ya ce har yau bai yafe ba. Sannan ya miƙo mini gyaɗa. Ya ƙara da cewa a nan ake manyan bukukuwan mawaƙa, a rufe katakon wasan a kafa dandamali, washegari a mayar da kwanduna.

Da aka tashi, cikin rabin sa'a wurin ya koma shiru, dubban mutane duk sun nufi hanya ɗaya ta komawa Dakar. Ni na tsaya ɗaukar hoto, sai da ɗan'uwana ya ja hannuna. A tsaye muka dawo cikin jirgi, wani matashi ya rungume gangarsa yana gyangyaɗi a kafaɗata har Caroy.