Neman diyya bayan hatsarin babbar mota

Idan tirela ta buge ka, kada ka tsaya kan direba kaɗai, galibi ba shi da abin biya. Alhaki na iya hawa kan kamfanin da ya ɗauke shi aiki, ko waɗanda suka yi lodi fiye da ƙima. Ɗauki hoton lambar kan motar da ta bodin, don wani lokaci masu su daban ne.

Je asibiti a ranar, ko ba ka jin komai. Raunin ciki kan ɓuya, kuma da jinkirin nan kamfanin inshora ke fakewa ya ce ba hatsarin ne sanadi ba. Adana kowane rasit da rahoton 'yan sanda. Kada ka sa hannu a takardar sulhu sai lauya ya karanta, ka kuma tambaye shi wa'adin shigar da ƙara.