Gia Lam: ƙauyukan da birnin Hanoi yake cin gonakinsu

Duk wanda ya bar tsakiyar Hanoi, babban birnin Biyetnam, ya haye Jan Kogi ya nufi gabas, yankin Gia Lam zai faɗa. Shekaru da dama kogin nan ne iyaka tsakanin birni da karkara, domin gadar Long Bien da Faransawa suka kammala a 1902 ita kaɗai ce mahaya a wannan ɓangaren, har aka buɗe ta Chuong Duong a 1985. Daga baya gadojin Thanh Tri da Vinh Tuy suka biyo baya, kuma kowace gada da aka gina sai ta jawo birni kusa da gonakin shinkafa da lambunan kayan miya. A 2003 aka yanke ɓangaren da ya fi kusa da kogin aka mai da shi gundumar birni mai suna Long Bien, abin da ya rage kuwa ya ci gaba da zama tsakanin noma da gine-gine.

Abin da ya fi jan hankalina game da Gia Lam shi ne, wasu tsofaffin ƙauyukansa suna da sana'o'in da aka san su da su. Mutanen Kieu Ky suna dukan zinariya har ta yi siriri a liƙa ta a jikin gumaka da allunan wuraren ibada, Ninh Hiep kuma babbar kasuwar yadi ce da 'yan sari suke zuwa daga larduna masu nisa. Amma Bat Trang ne ya fi suna. Ƙauye ne a bakin Jan Kogi, kimanin kilomita 13 daga tsakiyar birni, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana gina tangaran: kwanuka, butocin shayi, manyan tuluna na ado, da kaskon turaren da ake ajiyewa a wurin tunawa da kakanni a cikin gida. Lungunansa matsattsu ne ƙwarai, gida da wurin aiki da shago duk a haɗe suke, ta yadda uba yana murza yumɓu a ƙasa, 'ya tana zane a sama, uwa tana ciniki a bakin ƙofa. A da da kwal ake gashi, hayaƙi ya turnuƙe gari yana cutar da mazauna, sannu a hankali yawancin maginan suka koma amfani da iskar gas, aikin ya ƙara tsabta, asarar kaya a wuta ta ragu. Kogin da ya riƙa ɗaukar kayansu zuwa kasuwa tun zamanin da shi ne kuma yake yi musu barazana, kamar yadda aka gani a Satumbar 2024, lokacin da ambaliyar da ta biyo bayan guguwar Yagi ta shiga gidaje da wuraren aiki.

A arewa, tsallaken kogin Duong, akwai Phu Dong, inda ake bikin Giong a wata na huɗu na kalandarsu ta gargajiya, don tunawa da yaron da almara ta ce ya hau dokin ƙarfe ya kori mahara. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin gadon al'adun duniya a 2010.

Kusa da waɗannan ƙauyuka ne kamfanin Vinhomes ya fara gina unguwar Ocean Park a 2018, a kan fili mai faɗin hekta 420 ko kusa da haka, da dogayen benaye, da jami'ar VinUni, da tafkin ruwan gishiri wanda aka haƙa aka zuba wa farin yashi. Matasan ma'aikata da kuɗin gida ya kora daga tsakiyar Hanoi sun samu wurin zama, kuma ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Damuwata tana kan manomi. A dokar ƙasar, ƙasa mallakar al'umma ce gaba ɗaya, gwamnati ce take kula da ita, manomi kuwa haƙƙin amfani kawai yake riƙe da shi. Idan aka karɓi gonarsa aka ba shi diyya, kuɗin yakan tafi a gina sabon gida da hidimar iyali, alhali mutumin da ya haura shekara hamsin yana noma da wuya ya koyi wata sana'a. Maginin tangaran yana amfana da zuwan birni, domin masu saye da 'yan yawon buɗe ido suna ƙaruwa. Mai noman shinkafa kuwa jarinsa ne ake rufewa da siminti. Abin ya fi ɗaure kai idan aka tuna cewa babbar jami'ar aikin gona ta ƙasar, wadda aka kafa a 1956, a Trau Quy take, cikin wannan yanki.

Tun daga 1 ga Yulin 2025, da Biyetnam ta soke matakin gunduma a tsarin mulkinta, an raba Gia Lam zuwa ƙananan hukumomi kaɗan da suke ƙarƙashin Hanoi kai tsaye, ciki har da Bat Trang da Phu Dong. Waɗannan sababbin hukumomi ne yanzu suka fi kusa da manoman da gonakinsu suka rage, kuma a ganina aikin farko da yake gabansu shi ne tabbatar da cewa duk wanda aka karɓi filinsa ya samu horo da abin yi, baya ga kuɗin diyya.